Shawara Ɗaukar Ɗaki

Sau da yawa idan aka ga wani aikin jama'a ya lalace, ko rijiyar burtsatse ce aka haƙa aka watsar, ko ɗakin shan magani aka gina ya zama makwancin awaki, sai ka ji mutane suna cewa ai kuɗi ne suka ƙare, ko kuwa wani ne ya yi sama da su. Wani lokaci gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, watau rashin yin magana da mutanen da aikin ya shafa, waɗanda a ke kira masu ruwa da tsaki. Ni ma ban san da wannan ba sai da abin ya faɗo a kaina. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, ko Allah ya sa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su amfana.

Bara waccan, ina aji huɗu, aka zaɓe ni magatakardan ƙungiyar manoma ta makarantarmu. Kowa ya san yadda iskar farkon damina ta kan taso daga gabas ta yaye mana kwanon azuzuwa. To, sai muka yi shawara mu dasa itatuwa a iyakar makaranta ta gabas don su tare iskar. Shugaban makaranta ya ba mu izni, ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka da kuɗi, muka samo tsiron darbejiya 200 daga ma'aikatan gandun daji. Cikin watan Yuli muka haƙa ramuka, muka dasa, muka kewaye wurin da shingen ƙaya. Muka tafi dogon hutu muna ta yabon kanmu.

Da muka dawo cikin Satumba sai muka tarar waɗanda suka rayu ba su kai 30 ba. An keta shingen a wuri uku, awaki sun cinye wasu, shanu sun tattake wasu. Ranmu ya ɓaci ƙwarai, muka ce mutanen unguwar bayan makaranta ba su son ci gaba. Kwana biyu bayan haka wani ɗan ƙungiyarmu ya ga akuya a cikin shingen, ya jefe ta da dutse ya karya mata ƙafa. Kafin la'asar samarin unguwa sun taru a bakin ƙofar makaranta, kowa da sandarsa. Ba don mai unguwa ya zo da kansa ya kore su ba, da Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Washegari malaminmu na aikin gona ya sa ni gaba muka je ba da haƙuri. Mai akuyar wata tsohuwa ce wadda mijinta ya rasu, akuyar nan kuwa ita ce dukiyarta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, ki gafarce mu, kuskure ne." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba na ke bin hanyar nan zuwa rijiya. Rana ɗaya muka wayi gari kun toshe ta da ƙaya, ba sallama ba sanarwa. Da kun tambaye mu, ai da mun nuna muku inda za ku bar ƙofa."

A ran nan ne na san cewa hanyar ɗebo ruwa ta unguwa duka ta ratsa ta wurin da muka shinge. A kusurwar arewa kuma akwai burtalin da makiyaya ke bi da shanu zuwa tafki. Manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da mu ya ɗauka makaranta ce ke neman cin iyakarsa a hankali. Maigadin makaranta kuwa cewa ya yi ba wanda ya ce masa ya kula da wasu itatuwa. Muna komowa malam ya tambaye ni, ya ce, "Kun lissafa tsiro, kun lissafa fartanya da garwar ruwa, kun lissafa ramuka. To, mutane nawa kuka lissafa?" Na rasa ta cewa.

Don ya nuna mana cewa wannan kuskure ba na yara kaɗai ba ne, sai malam ya tara mu ya ba mu tarihin madatsar ruwa ta Bakalori. An gina ta a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, cikin Jihar Zamfara ta yanzu. An fara aikin a 1974, aka gama a 1978, da niyyar a samu noman rani a wadata ƙasa da abinci. Niyya kam mai kyau ce. Amma dubban mutane ruwa ya ci garuruwansu da gonakinsu, wasu kuma aka karɓi gonakinsu don a baje a yi magudanan ruwa, suka yi damuna ba su yi shuka ba, ga diyya ta ƙi fitowa yadda su ke tsammani. Manoman fadama da masunta da ke can ƙasa da madatsar su ma ambaliyar da ta saba jiƙa musu ƙasa kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Da manoma suka gaji da kai kuka sai suka tare hanyoyi suka hana aiki. Cikin watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Malam ya ce injiniyoyi sun auna ruwa da ƙasa, amma ba a zauna da masu ƙasar an ji ta bakinsu tun kafin a kai ga haka ba.

Da damina ta sake zagayowa muka roƙi shugaban makaranta ya bar mu mu sake gwadawa. Ya yarda, amma bisa sharaɗin mu kawo masa tsarin yadda za mu yi magana da jama'a kafin mu haƙa ko rami ɗaya. Ga matakan da muka bi, kuma ina ganin za su yi amfani ga kowane irin aiki, babba ko ƙarami.

Mataki na farko shi ne a lissafa duk waɗanda aikin ya shafa. Muka kasa su kashi uku. Akwai masu ba da izni, kamar shugaban makaranta da mai unguwa. Akwai masu ba da kuɗi ko ƙarfi, kamar iyaye da ɗalibai da ma'aikatan gandun daji. Sa'an nan akwai waɗanda aikin zai canja musu zama, ko su amfana ko su cutu, kamar mata masu ɗebo ruwa, da makiyaya, da manomi maƙwabcinmu, da maigadi. Kashi biyu na farko ba a mantawa da su, gama in ba su aikin ba ya tashi. Kashi na uku su a ke mantawa da su, alhali su ne za su zauna da aikin bayan kowa ya watse. Tambayar da ta fi taimakonmu ita ce, wa zai yi hasara idan aikin nan ya yi nasara? Duk wanda sunansa ya fito a amsar, shi ya kamata a fara zuwa wurinsa.

Mataki na biyu shi ne a san abin da kowa ke bukatar ji. Ba magana ɗaya za a ɗauka a yi ta maimaitawa ga kowa ba. Shugaban makaranta so ya ke ya san ko aikin zai hana karatu, ko zai jawo rigima. Iyaye so su ke su san ina kuɗinsu ya shiga. Iya mai akuya ba ruwanta da kuɗin, ita dai ta san ta ina za ta bi zuwa rijiya. Manomi kuma ya san iyakarsa tana nan. Gaskiyar ɗaya ce, ba a ƙara ba a rage, amma kowa da gefen da za a fara buɗe masa.

Mataki na uku shi ne a zaɓi bakin da zai kai saƙo, da hanyar da za a bi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin mutum ya kan duba mai magana kafin ya duba maganar. Misali babba shi ne na rigakafin shan inna. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya yi gwajin magani a kan yara a Kano, abin ya zama rigima har gaban kotu, zukatan mutane suka cika da zargi. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da aikin, ba a komo ba sai cikin Yuli na 2004. A wannan tsakani cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, daga baya har ta kai Yaman da Indunusiya. Abin da ya taimaka daga baya shi ne shigo da waɗanda jama'a suka yarda da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka shiga, aka kuma sa mata 'yan unguwa suna shiga gida gida suna yi wa 'yan'uwansu bayani. An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Nijeriya a Jihar Barno a 2016, cikin Agusta na 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar an kawar da wannan nau'i daga Afirka. Likitoci sun daɗe suna bayani, amma sai da bayanin ya fito daga bakin na gida ya shiga kunne.

Mu ma haka muka yi daidai ƙarfinmu. Ba mu tura takarda ga mai unguwa ba, malam da shugaban ɗalibai da ni muka je ƙofar gidansa bayan sallar la'asar, muka faɗi muka yi gaisuwa. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, bara mun yi aiki ba mu nemi shawararka ba, ga shi mun ga sakamako. Bana mun zo ka sa mana albarka, ka kuma nuna mana inda muka kauce." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo." Shi ya sa limami ya yi sanarwa a masallaci, shi ya haɗa mu da arɗon makiyaya. Wajen mata kuwa, da ya ke mu samari ba ma shiga gidajen aure, sai malamarmu ta koyon girki da ɗalibai mata biyu 'yan unguwar suka ɗauki nauyin. Iyaye aka yi musu bayani a taronsu, waɗanda ba su zo ba aka aika musu da saƙon murya ta waya, saboda ba kowa ke karatun boko ba. Ɗalibai kuma aka sanar da su a taron safe.

Mataki na huɗu shi ne lokaci. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Idan aka gama yanke shawara sa'an nan aka kira mutane, to, sanarwa aka yi musu, ba shawara ba, kuma su ma sun san bambancin. Mun fara zagayenmu tun cikin watan Afrilu, wata biyu kafin dashe. Na sami littafin rubutu na ja layi biyar: sunan wanda za a gani, abin da za a faɗa masa, wanda zai faɗa, ranar da za a je, da abin da ya amsa. Muka kuma tsai da cewa shugaban makaranta zai riƙa samun rahoto kowace Jumma'a, mai unguwa kowane mako biyu, iyaye kuma a ƙarshen zango. Ko ba wani sabon abu sai mun je mun ce ba sabon abu, domin idan aka ji shiru, kowa sai ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa.

Mataki na biyar, wanda ya fi duka wuya, shi ne saurare. Ba shi da amfani ka tara mutane su yi ta magana alhali ka riga ka ƙudura ba abin da za ka canja. Abin mamaki, shawarwarin da suka ceci aikinmu duka daga wurin waɗanda muka zarga bara suka fito. Manomi ya ce inuwar darbejiya da saiwarta za su kashe masa gero, amma in gawo za mu dasa ta gefensa, shi da kansa zai yi ban ruwa. Ya koya mana cewa gawo ya kan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne. Arɗo ya taka mana faɗin burtali da ƙafarsa, muka ja shingenmu baya, shi kuma ya yi alkawarin yaransa za su kiyaye, har ya ba mu takin shanu. Mata suka nuna inda za a bar ƙofa biyu, suka roƙi a dasa zogale a bakin hanya. Maigadi ya ce kuskurenmu na bara shi ne dasawa ana gobe hutu, gara mu dasa da zarar ruwa ya zauna, tsiron ya kama ƙasa muna nan. Duk muka karɓa. Abu ɗaya muka ƙi, watau roƙon da samari suka yi na a bar tsakiyar wurin don ƙwallo. Muka gaya musu dalili a fili, cewa ta nan iskar ta fi bugowa, shugaban makaranta kuma ya yarda su riƙa wasa a filinmu ran Asabar. Wanda aka ƙi maganarsa aka gaya masa dalili ya fi wanda aka ce masa to aka yi banza da shi kwanciyar rai.

Mataki na shida shi ne kada a ɓoye mummunan labari, kuma a yi magana da baki ɗaya. A nan ma sai da na sake yin tuntuɓe. Kuɗin wayar shinge ya tashi a kasuwa, abin da iyaye suka bayar bai isa ba, sai muka yi rabi da waya rabi da ƙaya. Na ji kunyar faɗa, na ce bari sai ƙarshen zango. Kafin mako biyu magana ta zagaya cewa magatakarda ya ci kuɗin shinge, har ta kai kunnen mahaifina. Daren nan ban yi barci ba. Da safe na kwashe rasiɗai na kai wa malam, muka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, muka manna a allon sanarwa, aka kuma karanta a taron iyaye. Maganar ta mutu, har wani uba ya cika mana sauran wayar. Da na faɗa tun ranar da na dawo daga kasuwa, da ba wanda zai taɓa sunana. Daga nan muka tsai da cewa duk mai tambaya a kan kuɗi a tura shi wurin malam, mai tambaya a kan aiki a turo shi wurina, kada kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da tasa amsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Mataki na bakwai shi ne rufewa. Aiki ba ya ƙarewa ranar da aka dasa na ƙarshe. Kafin hutu muka koma wurin duk wanda ke cikin littafina muka yi godiya, muka gaya masa abin da aka yi da shawararsa. Muka rubuta sunayen ɗaliban da ke zaune kusa waɗanda za su riƙa zagayawa lokacin hutu, muka ba maigadi da mai unguwa kowa takarda ɗaya. Littafin kuma na miƙa shi ga sabon magatakarda, don alkawarin da muka ɗauka kada ya bi mu idan mun bar makaranta.

Da muka dawo hutu muka ƙirga, cikin 200 da muka dasa sama da 160 suna nan kore shar. Ba wanda ya taɓa shingen. Ran nan ina wucewa na hangi Iya tana korar awakin wasu daga bakin ƙofar da aka bari, tana faɗa tana cewa za su cinye mata zogale. Na ce, "Iya, sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa ɗan nan, ku dai ku yi karatunku, nan kam mun tsare." Itatuwan da bara ta ke gani kamar an kafa mata su don mugunta, bana ta ce nata ne.

Wani zai ce duk wannan zirga-zirga ɓata lokaci ce. Lalle ta ci mana wata biyu, ta kuma sa mun rage faɗin wurin da muka so. Amma gaggawar bara ta ci mana shekara guda cur, da kuɗin iyayenmu, da ƙafar akuyar marainiyar Allah, saura kaɗan ta ci zaman lafiyarmu da maƙwabta. Kowa ya auna ya ga wanne ya fi tsada.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. A cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama injiniyoyi, da likitoci, da shugabannin ƙananan hukumomi, a ba su aikin hanya ko madatsa ko asibiti. Idan ranar ta zo, kafin ku lissafa buhunan siminti ku lissafa mutane, ku fara da wanda ba shi da kujera a wurin taro. Iyayenmu kuma ina roƙonku, idan an kira taro a makaranta ko a ƙofar mai unguwa ku daure ku je, ku faɗi abin da ke ranku tun ba a aza harsashi ba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon jin shawara da aiki da ita, amin.